Wai an ga kifin shak a dam ɗin Zobe? Mu tambayi sunansa tukuna

Daren Juma'ar da ta wuce ina shirin kwanciya sai ga saƙo daga ƙanena da ke Kurfi. Bidiyo ne gajere: ruwa jajur irin na damina, wani fiffike mai kusurwa uku yana tsaga ruwan, ga muryar wani a baya yana ta salati. A ƙasa an rubuta, "Kifin shak a dam ɗin Zobe, a sanar da 'yan'uwa." Sai ya biyo da saƙon murya: "Yaya, don Allah gaskiya ne? Wallahi har Inna ta ce kar wanda ya ƙara zuwa bakin ruwa."

Na ce masa ya dakata, kar ya tura ko'ina. Ya ce ai ya riga ya tura guruf uku.

Amsar a taƙaice ita ce babu shak a Zobe, kuma babu ta inda zai bi ya shigo. Sai dai in na tsaya a nan, gobe wani zai turo irinsa ya ce a Ajiwa ne ko a Tiga, mu koma gidan jiya. Abin da ya fi amfani shi ne mu san yadda ake gane wace dabba ce wannan, ina ne gidanta, su waye danginta. Ilimin rarraba dabbobi ke nan, wanda da yawanmu muka haddace don jarrabawar bayoloji muka watsar a ƙofar aji. Shi ne zai warware mana maganar wannan bidiyo, kuma zai kai mu ga wani ɗan'uwan shak na gaske da ke cikin kogunan Najeriya, mai sunan Hausa, wanda yake ƙarewa ba tare da kowa ya yi masa bidiyo ba.

Tsohuwar ƙarya ce ta sake riga

Labarin shak a cikin ambaliya ya girmi TikTok. A 2011, lokacin da mahaukaciyar guguwar Irene ta afka wa Puerto Rico, wani hoto ya karaɗe intanet: ga shak yana iyo a kan titin mota da ruwa ya cinye. Daga baya aka gano cewa an yanko kifin ne daga hoton da wani mai ɗaukar hoto, Thomas Peschak, ya ɗauka a tekun Afirka ta Kudu, inda shak ɗin yake bin wani ɗan ƙaramin kwalekwale. Hoton jabun bai mutu ba. Ya dawo a 2012 lokacin guguwar Sandy, ya sake dawowa a 2017 aka ce a birnin Houston ne. Kifi ɗaya, titi ɗaya, sunan gari kawai ake sauyawa.

Yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira ta sauƙaƙa aikin. A ƙarshen Oktoban 2025, da guguwar Melissa ta sauka a Jamaika, bidiyoyin shak yana yawo a wurin ninkayar otal sun cika kafafen sada zumunta, masu binciken gaskiyar labari suka tabbatar kwamfuta ce ta haɗa su. Mai yin irin wannan ba ya buƙatar teku, data kawai yake buƙata.

Amma kar mu ce duk gargaɗin dabba a cikin ruwa ƙarya ne. A Satumban 2024, da dam ɗin Alau ya ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, hukumar gidan namun daji ta gargaɗi jama'a cewa kadoji da macizai sun fita cikin gari, kuma gaskiya ne. To ta yaya za ka bambance gargaɗin gaskiya da na neman mabiya? Idonka kaɗai ba zai ƙara wadatar da kai ba, don bidiyon ƙarya ya fara fin na gaskiya kyau. Tambaya ce za ta fisshe ka: wace dabba ce, kuma ta ina ta biyo?

Kowace dabba tana da adireshi

In baƙo ya tambaye ka inda kake, za ka ce Najeriya, Jihar Katsina, Ƙaramar Hukumar Kurfi, mazaɓa kaza, unguwa kaza, gidan wane, sannan sunanka. Mataki bakwai ke nan, kowanne yana ƙara matse da'irar har a zo kanka. Haka masana suke yi wa dabbobi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya kafa tubalin wannan tsari a littafinsa Systema Naturae da ya fara fitowa a 1735. A bugu na goma, na 1758, ya daidaita sunayen dabbobi zuwa kalma biyu-biyu: ta farko sunan gida, ta biyu sunan nau'i. Shi ya sa tarwadarmu take Clarias gariepinus, karfasa kuma Oreochromis niloticus, ko a Dutsin-Ma kake ko a Tokyo.

Mu bi adireshin. Shak da tarwada da ragon layya duk 'yan ƙasa ɗaya ne, wato dabbobi. Duk kuma 'yan jiha ɗaya ne, masu ginshiƙin baya. A mataki na gaba ne hanya ta rabu. Tarwada da karfasa suna da ƙashi na gaske, shi ya sa ƙaya take maƙale maka a wuya. Shak kuwa ba shi da ƙashi irin wannan ko ɗaya, gangar jikinsa duk guringuntsi ne, irin abin da ke kunnenka da kan hancinka. Masana suna kiran ajinsu Chondrichthyes, ma'ana kifaye masu guringuntsi. A gefen kan tarwada akwai marfi guda da ke rufe wurin numfashinta. Shak kuwa tsagogi ne a buɗe, biyar zuwa bakwai a kowane gefe. Fatarsa tana da kaushi kamar sanfefa, kuma ƙatuwar hanta mai maiƙo ce take taimaka masa kada ya nutse ƙasa. An san nau'o'in shak fiye da 500.

A nan ne ake cin karo da abin mamaki. Da masana suka auna ƙirar jiki da ƙwayoyin halitta, sai lissafinsu ya nuna tarwada ta fi kusa da rago a kan kusancinta da shak, domin ita da rago duk masu ƙashi ne. Gaiwa kuwa, wadda ke da huhu, take binne kanta cikin laka ta kwashe rani tana jiran ruwan sama, ta fi kusa da dabbobi masu ƙafa huɗu a kan kusancinta da tarwadar da suke kwana tafki ɗaya. Kama da wane ba ta wane.

Mu ma Hausawa muna da namu tsarin, kuma yana da hikimarsa. Mukan ɗauki sunan dabbar tudu mu aro wa ta ruwa: giwan ruwa, ragon ruwa. Suna ne na kama, yana gaya maka girma ko siffa. Amma giwan ruwa kifi ne zalla, ba abin da ya haɗa shi da giwa. Dabbar ruwan da masana suka sa kusa da giwa ita ce ayu, wanda ke haihuwa ya shayar da nono, tare da rema, wannan 'yar ƙaramar dabba mai zama cikin duwatsu. Sunan gida yana gaya maka yadda abu yake a ido. Sunan kimiyya yana gaya maka danginsa, kuma daga dangi ake sanin hali: me yake ci, ina yake iya rayuwa, yaya yake haihuwa.

Shak ɗin da ke shiga ruwan daɗi

In muna son yi wa bidiyon Zobe adalci, sai mu ɗauko shak ɗin da ya fi kowanne yiwuwar zuwa can. Kusan duk nau'o'in shak 'yan ruwan gishiri ne, in ka jefa su ruwan daɗi ba za su daɗe ba. Amma akwai wani da ya yi suna wajen kutsawa cikin koguna, Carcharhinus leucas, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan bijimi saboda kaurin jikinsa da faɗin kansa. Mu kira shi bijimin shak. Babbansa yakan haura mita uku. Ba ya yin ƙwai, haihuwa yake yi, kuma uwar takan zo bakin kogi ta haifi 'ya'yanta inda manyan kifayen teku ba su cika zuwa ba.

Sirrinsa yana cikin jini da ƙoda. In ya shiga ruwan daɗi, jikinsa yana rage zubar da gishiri, ƙodarsa kuma ta riƙa fitar da fitsari mai yawa don rage ruwan da ke shiga jikinsa. Da wannan dabara aka same shi a kogin Amazon har wajen birnin Iquitos na ƙasar Peru, fiye da kilomita 3,000 daga teku. A 1937 masunta sun kama shi a kogin Mississippi a garin Alton na jihar Illinois a Amurka. A kudancin Afirka ma sunan kogin Zambezi ake kiransa da shi.

Wannan yawon nasa ya taɓa rikita masana kansu. Akwai shak a tafkin Nikaraguwa, tafkin ruwan daɗi a tsakiyar nahiyar Amurka. A 1877 aka ba shi suna na kansa, aka ɗauka nau'i ne na dabam da ya maƙale a tafkin tun fil'azal. Sai a 1961 da aka kwatanta jikinsa da na teku aka ce ai ɗaya ne. Daga nan wani masani na Jami'ar Nebraska, Thomas Thorson, ya kwashe shekaru yana maƙala wa kifayen alama yana sakinsu, aka riƙa kama masu alamar a teku da tafkin. Ashe ta kogin San Juan suke kai da komo. Ka riƙe sunan Thorson, za mu sake haɗuwa da shi a kogin Binuwai.

Har ma an taɓa samun irin labarin bidiyon nan da gaske. A wani filin wasan golf da ake kira Carbrook kusa da Brisbane a Ostareliya, ambaliyar shekarun 1990 ta shigar da 'ya'yan bijimin shak cikin tafkin filin, suka zauna a ciki shekara da shekaru. Amma filin yana gaɓar kogin da ke zuba cikin teku nan kusa. Akwai hanya, shi ya sa abin ya yiwu.

To mu bi hanyar zuwa Zobe

Dam ɗin Zobe, wanda aka kammala a 1983, an gina shi ne a kan kogin Karaduwa. Ruwan Karaduwa yana gangarawa yamma ya shiga Bunsuru, daga nan Rima, ya wuce Sakkwato da Argungu, ya faɗa kogin Neja a Jihar Kebbi, sannan ya kama doguwar tafiya zuwa teku. Yanzu ka juya tafiyar. Bijimin shak zai shigo daga Neja Delta, ya wuce Anacha, ya wuce Lokoja, sai ya ci karo da bangon dam ɗin Jebba. A ce ya tsallake, ga Kainji a gaba, wanda yake tsaye tun 1968. A ce ya tsallake wannan ma, ya shiga Rima, ga dam ɗin Goronyo. Bayan nan kuma sai kogunan da duk ɗan yankin nan ya san da rani rairayi ne, yara suna ƙwallo a ciki, masu amalanke suna ɗibar yashi. Ƙarshe ga bangon Zobe kansa. Katanga huɗu da gulbin yashi. Ko a bikin kamun kifi na Argungu, inda dubban masunta suke faɗawa ruwa lokaci guda kuma ya fi mu kusa da Neja nesa ba kusa ba, ƙaton kifin da aka saba fitowa da shi giwan ruwa ne.

Ka ga ba mu buƙaci wata manhaja ba. Sanin nau'in kifin da sanin taswirar ruwanmu sun gama maganar.

Amma shak ya taɓa zama a ƙasar Hausa

Wannan kam ba a bidiyo aka gani ba, a cikin dutse aka gani. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso ta inda Sahara take a yau har ya rufe yankin Sakkwato. A 1934 wani masani na gidan tarihin halittu na Landan, Errol White, ya wallafa nazari a kan burbushin kifayen da aka tono a lardin Sakkwato, ciki har da haƙoran shak. Akwai wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da ƙadangare da aka samu ƙasusuwanta a can, sunanta na kimiyya Goronyosaurus nigeriensis, wato sunan Goronyo da na Najeriya ne a jikinta. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ma ragowar ƙasan wannan teku ce. Watakila bulon ɗakin da kake kwana yana da alaƙa da ruwan da shak ya yi iyo a ciki.

Duwatsun Dutsin-Ma da Kurfi kuwa wani iri ne dabam, tsoffin duwatsu masu tauri da suka girmi wancan teku da nisa, ba irin waɗanda ke adana ƙashi ko haƙori ba. Don haka ko haƙorin shak wani ya nuna maka ya ce a bayan gari ya tsinta, akwai tambayar da za ka yi masa.

Ɗan'uwan shak mai sunan Hausa

A cikin ajin masu guringuntsi, ban da shak akwai wasu kifaye masu faɗi kamar faifai, da doguwar jela mai ƙaya. Yawancinsu 'yan teku ne. Amma akwai ɗaya da ke zaune a ruwan daɗi na kogin Neja da Binuwai da wasu kogunan Kamaru. Faɗinsa bai wuce santimita 40 ba, yana kwanciya cikin yashin ƙasan ruwa yana cin tsutsotsin ƙwari, kuma in ka taka shi ya kai maka sara da jela. Masuntan Hausawa suna kiransa kunamar ruwa.

Tarihin sunansa darasi ne. A 1962 masana biyu, Stauch da Blanc, suka bayyana shi daga garin Garwa na Kamaru, suka sa shi gida ɗaya da irinsa na kogunan Kudancin Amurka, suka kira shi Potamotrygon garouaensis. A 1975 Thorson ɗin nan na tafkin Nikaraguwa da abokin aikinsa Watson suka duba jininsa da ƙirar jikinsa, suka ga ya fi kama da danginsa na teku, suka mayar da shi gidan Dasyatis. A 2016 aka sake tace dangin gaba ɗaya, ya koma Fontitrygon garouaensis. Sau biyu ana sauya masa gida, sunan Garwa yana nan a jikinsa. Wannan sauye-sauye ba rashin tabbas ba ne irin na jita-jita. Duk lokacin da aka sauya, sabuwar hujja ce aka kawo, aka rubuta, wasu suka duba suka yarda.

Abin takaicin shi ne kunamar ruwa tana ƙarewa. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a matakin waɗanda ke dab da ɓacewa. Dalilin yana cikin adireshinta. Tarwada guda tana zuba dubban ƙwai a damina ɗaya, shi ya sa duk kamun da ake yi mata take farfaɗowa. Masu guringuntsi kuwa jinkirin girma gare su, 'ya'ya kaɗan suke haifa. In koma ta kwashe iyaye, babu masu maye gurbi da wuri. Ƙara da lalacewar koguna, sai abin ya taru ya yi mata yawa.

Matsalar ta dangin ce gaba ɗaya. Wani babban nazari da aka fitar a 2021 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in masu guringuntsi suna fuskantar barazanar ƙarewa, kuma yawan kamu ne babban dalili. A Nuwamban 2022, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Panama, ƙasashe suka amince a sa ido kan cinikin duk dangin da bijimin shak yake ciki, saboda kasuwar fiffikensu da ake miya da shi a Asiya. Najeriya tana cikin wannan yarjejeniya. Ka lura, dokar da sunan kimiyya aka rubuta ta. Jami'in kwastan da bai iya bambance nau'i da nau'i ba, ba zai iya aiwatar da ita ba.

To ni me ya shafe ni?

Ya shafi aljihunka. Matasa da yawa a Dutsin-Ma da Katsina sun shiga kiwon kifi a tankin roba da kududdufin siminti. In ka je sayen 'ya'yan kifi aka ce maka "tarwada ce", maganar ba ta ƙare ba. Akwai Clarias gariepinus, akwai 'yar'uwarta Heterobranchus, akwai kuma haɗin aurensu da masu ƙyanƙyasa suke yi. Girmansu da lokacin balagarsu ba ɗaya ba ne, kuma wanda yake son iyayen da zai riƙa ƙyanƙyasa da su bai kamata ya sayi haɗin aure a makance ba. Akwai ma wani kifin kogin Mekong, Pangasianodon hypophthalmus, da ake kiwo sosai a Biyetnam, wanda masu sayar da kifin ado suke kira shak saboda tsayin fiffiken bayansa. Ka duba shi da kyau: ga gashin baki, ga marfin numfashi, ga ƙaya. Ɗan dangin tarwada ne. In wata rana ka ga "shak" a tankin wani a Kano, to da wuya in ba shi ba ne.

Kuma kar wanda ya ce zai zuba baƙon kifi a Zobe don ya ga yana saurin girma. Giwan ruwanmu, wanda ɗan gida ne a Neja da tafkin Chadi, an kai shi tafkin Victoria a shekarun 1950. Cikin 'yan shekaru gommai ya taimaka wajen shafe nau'o'in ƙananan kifaye masu ɗimbin yawa da babu su ko'ina a duniya sai can.

Ya shafi lafiyarka. Abin tsoro a ruwan dam shi ne nutsewa da tsargiya. Tsutsar da ke sa fitsarin jini tana rayuwa ne a jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi na gidan Bulinus kafin ta huda fatar mai wanka. Ba ta da fiffike, ba ta yin kyau a bidiyo, amma ita ce take kwantar da yaran ƙauyukan bakin ruwa. Haka maganar maciji: maganin dafi da nau'i yake tafiya. An sha kawo wanda aka haɗa don macizan Indiya, ya kasa yin aiki a kan saran kububuwarmu. A nan sanin suna rai ne.

Ya kuma shafi gadonmu. Tsohon masunci a bakin Zobe zai iya jero maka sunayen kifaye: kurungu, ragon ruwa, minjirya mai jan mutum kamar lantarki, gaiwa, da wasu da ni da kai ba mu taɓa ji ba. Ya san wanda ya yi ƙaranci, ya san wanda ya daina gani. Wannan ilimi a kansa yake, ba a rubuce ba, kuma matsalar tsaron da ta addabi yankin nan ta raba mutane da dama da ƙauyukansu da sana'arsu. In ya tafi, ya tafi da shi.

Aikin da wayarka za ta iya

Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ana karantar da ilimin halittu da na kiwon kifi a cikinta. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Ga dam, ga masunta, ga dubban matasa da wayoyi masu kyamara. Abin da ya rage a haɗa su. Ka je inda ake sauke kifi da safe, ka gaida masu shi, ka nemi izini. Ka ɗauki hoton kifin a kwance ta gefe, da kansa, da jelarsa, ka ajiye wani abu kusa da shi don a gane girmansa. Ka tambayi Baba mai kifin sunansa da Hausa, ka rubuta yadda ya faɗa, da rana da wuri. Sannan ka nemi sunan kimiyyarsa a shafin FishBase, ko ka ɗora a manhajar iNaturalist inda masana daga ko'ina suke taimakawa wajen tantancewa, ko ka kai wa malamin bayoloji. In ɗalibai ashirin suka yi haka na shekara guda, za a samu kundin kifayen Zobe da Hausa da hotuna, abin da ɗan makaranta da mai kiwo da jami'in gwamnati duk za su amfana da shi. Wanda yake bautar ƙasa ko kasuwanci a Makurɗi ko Yola ko Lokoja kuwa, ya tambayi masunta yaushe rabon da su ga kunamar ruwa. Amsar da zai samu labari ce da ta cancanci a yaɗa.

In kuma bidiyo ya sake shigowa, tambaya uku kafin yatsa ya taɓa alamar turawa. Wace dabba ce takamaimai? Irinta tana iya rayuwa a wurin da aka ce? Ta wace hanya ta zo? In ka ƙara da ɗaukar hoton fuskar bidiyon ka bincika a Google Lens, sau da yawa za ka tarar ya shekara yana yawo da sunan wani gari.

Na tura wa ƙanena duk wannan bayani a saƙon murya mai tsawon da shi kansa ya yi ƙorafi. Can sai ya ce, "To Yaya, yanzu in goge ke nan?" Na ce ya goge, ya kuma koma guruf ukun nan ya faɗa musu dalili, sannan ya gaya wa Inna maganar tsargiya, don haninta yana kan hanya ko da dalilin ya sauya. Mun yi da shi ranar Asabar zai shigo Dutsin-Ma mu je wurin masu kifi da safe. Ya ce shi gaiwa yake son gani da idonsa.